Kuɗin Baƙo, a Aljihun Wa Yake Kwana?

Wanda ya bar Yamai ya nufi Dosso, idan ya ci kamar kilomita 60 zai iso Kure. Gari ne irin na karkarar Zabarmawa, da gonakin gero da rumbuna da 'yan itatuwa jefi-jefi, kuma da babu abin da zai sa matafiyi ya taka burki in ba don raƙuman dawa ba. A nan ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka taru, bayan an ƙarar da su daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi. A 1996 aka ƙirga su aka samu 49 kacal. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka sun haura 600, har aka ɗebi wasu a 2018 aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Dabbobin ba a cikin shinge suke ba. Tsakanin gonaki suke yawo, su ci waken manomi, su miƙa wuya su tsinke masa mangwaro, shi kuma doka ta hana shi taɓa su.

Me ya sa manomin ya haƙura? Saboda a da akwai abin da ke shigowa. Turawa da ma'aikatan ofisoshin jakadanci sukan fito daga Yamai ranar hutu, su biya kuɗin shiga, su ɗauki ɗan jagora daga cikin samarin yankin. Ƙungiyoyin kare dabbar sun haƙa rijiyoyi, sun ba mata ƙananan rance. Ba arziki ba ne na ku-zo-mu-gani, amma ya kai a ce wa raƙumin dawa ya ci waken. Sai ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan jagoransu. Faransa ta shafa wa kusan duk taswirar Nijar jan fenti, ta ce wa mutanenta kada su je. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman dawa kuwa ba su san an yi ba, suna nan suna cin wake.

Na fara da Kure ne domin duk abin da zan faɗa game da yawon buɗe ido da talaucin karkara yana cikin labarinta: akwai amfani na gaske, amfanin bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma rana ɗaya tana iya shafe shi.

Masu tallar wannan harka suna da alƙaluma masu daɗin ji, kuma ba ƙarya suke yi ba. A 2019 an yi tafiye-tafiyen buɗe ido tsakanin ƙasashe kusan biliyan ɗaya da rabi. Ana ƙiyasta cewa a lokacin, cikin kowane aiki goma a duniya ɗaya yana da alaƙa da tafiye-tafiye da saukar baƙi. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa ita ce wannan: duk wata haja sai ka ɗauke ta ka kai kasuwa, amma a nan mai saye ne ke biyan kuɗin mota ya zo har ƙofar gidanka. Gyaɗar Kano sai da ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas kafin ta zama kuɗi. Dutse da kogi da giwa da tsohon masallaci ba sa zuwa ko'ina, kuma galibi suna wuraren da masana'anta ba za ta taɓa zuwa ba. Aikin ma ba ya neman digiri. Mai shara da mai wanki da mai dafa abinci da direba da mai saƙa duk suna da gurbi, mata kuma suna da yawa a ciki.

Inda nake rabuwa da su shi ne wurin ƙidaya. Kwamishina zai tsaya ya ce bana baƙi dubu kaza sun zo, sai a tafa. Ba a tambayarsa nawa suka kashe, balle a tambaye shi a aljihun wa kuɗin ya kwana. Bature ya sayi tafiyarsa dunƙule a Landan ko Stockholm. Kuɗin jirgi ya tafi ga kamfanin jirgi, ladan dillali ya tsaya a can, otal ɗin na wani attajiri ne na babban birni ko na ƙasar waje, nama da madara da man shanun da za a ci an shigo da su a kwantena. Abin da ya rage wa ɗan ƙauye shi ne albashin gadi da ɗan abin da baƙo ya miƙo ta tagar mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gambiya ta daɗe da sanin wannan ciwo. Tun 1965 da rukunin farko na 'yan Sweden suka sauka a bakin tekunta take rayuwa da baƙin hunturu. Da tsarin nan ya yawaita na biyan komai a dunƙule, wato ɗaki da ci da sha duk a cikin otal, sai masu gidajen abinci da direbobin tasi da mata masu tallar 'ya'yan itace suka ga baƙo ya daina fitowa ƙofa. Gwamnati ta haramta tsarin a 1999. Manyan kamfanonin Turai da ke kawo baƙin suka murtuke, ba a daɗe ba aka janye haramcin. Ƙaramar ƙasa ba ta iya ja da wanda ke riƙe da jirgin. Abin da ya fi yin aiki ƙarami ne, marar hayaniya: a 2004 aka fara wani shiri na haɗa masu lambu na ƙauyuka da ɗakunan girkin otal-otal, a koya musu shuka abin da otal ke so a lokacin da yake so, a tattara a kai. Tumatir da latas da kabeji ba sa shiga jawabin minista, amma ta nan kuɗin baƙo ke bi ya isa hannun matar da ba ta taɓa ganin baƙon ba.

Wani bincike da cibiyar ODI ta Birtaniya ta yi a arewacin Tanzaniya ya ƙara fito da batun fili. An bi kuɗin da baƙo ke kashewa a cikin ƙasar, aka ga cewa wajen masu hawan dutsen Kilimanjaro, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu yana isa hannun talakawa, amma wajen masu zagayen kallon namun daji a mota bai kai ɗaya cikin biyar ba. Dalilin a bayyane yake. Mai hawan dutse ba ya iya tafiya sai da 'yan dako da mai dafa abinci da jagora, duk 'yan gindin dutsen, kuma hannu da hannu yake ba su tukuici. Mai kallon zaki kuwa yana cikin mota, daga wannan masauki zuwa wancan. Ashe ba tsadar tafiya ce ke rage talauci ba. Yawan hannayen da tafiyar ke buƙata ne, da kusancinsu da aljihun baƙo.

Akwai kuma maganar ƙasa, wadda ita ce uwa uba, kuma ita ce ba a son a taɓo. Yawancin wuraren da ake kai baƙi kallo a Afirka da mutane a cikinsu kafin a shata su. An fitar da Masai daga Serengeti a 1959. An fitar da Batwa daga dajin Bwindi na Uganda a 1991, lokacin da aka mai da shi gandun gwamnati domin goggon biri, suka koma zaman raɓe a bakin dajin da kakanninsu suka rayu a ciki. A Yunin 2022 jami'an tsaron Tanzaniya suka yi arangama da Masai a Loliondo kan shata fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500. Makiyayin da aka raba da makiyaya aka ba ɗansa aikin rawa a gaban baƙi da yamma, a littafin gwamnati an samar da aikin yi. A gidansa kuwa an rasa garke.

Ƙasashe biyu sun gwada gyara wannan, kowace da hanyarta, kuma bambancin hanyoyin ya fi komai koya mini darasi. Ruwanda ta zaɓi baƙi kaɗan masu kuɗi da yawa. Tun 2017 takardar izinin ganin goggon biri a dajin duwatsun kusa da Musanze dala 1,500 ce, kuma awa ɗaya tak za ka yi da dabbobin. Daga 2005 gwamnati ta fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen daji domin ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 ta mai da shi kashi 10. Da kuɗin an gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa. Abin a yaba ne, ban musa ba. Amma yankin yana cikin wurare mafi cunkoson jama'a a karkarar Afirka, kashi goma idan aka raba shi kan dubban ɗaruruwan mutane ba ya cika tafin hannu. Kuma aji ba ya biyan manomi dankalin da ɓauna ta tattake masa jiya da dare. Shi ya sa sai da aka kafa asusun diyya daban.

Namibiya ta bi ta wata ƙofa. A 1996 ta gyara dokarta ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin da ke ƙasarsu, muddin sun kafa ƙungiya mai iyaka sananniya da tsarin mulki da kwamiti zaɓaɓɓe. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 80, suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar. Mai son gina masaukin baƙi ba wurin minista kaɗai zai je ba, dole ya zauna da mutanen wurin a yi ciniki: nawa ne haya, kashi nawa na ciniki, mutum nawa za a ɗauka aiki. Ba duka ne suka ci riba ba. Waɗanda ke da giwa da karkanda da hanya mai kyau sun samu, waɗansu kuwa ko albashin masu gadinsu ba sa iya biya, kuma an sha kuka da kwamitocin da suka ci amana. Duk da haka akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ake yi wa alheri da wanda ake biyan haya. Na farko godiya yake yi. Na biyu yana iya cewa bai sallama ba.

Yanzu mu dawo gida, inda labarin ya fi ɗaci. Wanda ya san Agadas a ƙarshen shekarun 1980, ko a 'yan shekarun da suka biyo bayan sulhun 1995, ya ga abin da kuɗin baƙo ke iya yi wa garin da ba shi da masana'anta. Gasar motoci ta Paris zuwa Dakar takan ratsa ta nan. Jiragen haya sukan taso daga Faransa kai tsaye a lokacin sanyi. Mano Dayak, wanda filin jirgin garin ke ɗauke da sunansa, da kamfanin kai baƙi Tenere ya yi suna kafin ya shiga tawaye. Abin da ya sa harkar Agadas ta ratsa ƙasa sosai shi ne kamanninta da ta Kilimanjaro: ba a shiga hamada sai da ɗan hamada. Direba da jagora da mai dafa abinci da mai raƙumi duk 'yan gida ne. Maƙeran azurfa suna sayar da sarƙa da zobe hannu da hannu, mata masu aikin fata suna samun ciniki, masu lambun Timiya da Iferwan a cikin duwatsun Ayar suna sayar da lemo da rumman da kayan miya ga ayarin motoci. Kuɗin yana isa har tungar da ba ta da suna a taswira.

Sai tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi. A 2008 aka soke gasar Dakar saboda barazanar tsaro a Mauritaniya, daga nan ta bar Afirka gaba ɗaya. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Lokacin da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 cikin kayan tarihin duniya a 2013, babu sauran baƙin da za su zo gani. Su direbobin fa? Mota tana nan, sanin hanya yana nan, iyali suna jiran cefane. Da yawa suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, wasu suka nufi haƙar zinariyar da aka gano a Jado a 2014. A 2015 aka yi dokar da ta mai da jigilar laifi, aka kama mutane aka ƙwace motoci, har sai da gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Turai ta fara hana 'ya'yanta zuwa wurin direban, sannan ta sa aka hana shi kai wasu wurinta. Ban faɗi haka don wanke fataucin mutane ba, gawarwakin da ke cikin Tenere sun isa shaida. Na faɗa ne domin a ga inda mutane ke faɗawa idan ƙafar da suka tsaya a kai guda ɗaya ce.

Irin wannan ya faru a gandun dajin Waza na arewacin Kamaru bayan sace iyalin Faransawa bakwai a Fabrairun 2013, ya faru a Sukur ta Adamawa da Boko Haram ta kai wa hari. Ba kuma sai da bindiga ba. Kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumban 2019, Gambiya ta wayi gari babu babban mai kawo mata baƙi, ana dab da shiga kakarsu. Bayan 'yan watanni korona ta zo, tafiye-tafiyen duniya suka ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari a 2020. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mai hankali yana murna da raɓa, amma ba ya shuka dominta.

To me ya rage mana, mu da baƙon Turai ya daina zuwa wurinmu kuma ba ranar dawowarsa? A ganina mun daɗe muna kallon ƙofar da ba ita ba. Gwamnatocinmu idan an ce buɗe ido, Bature da kyamara suke hangowa, sai su tafi gina abin da zai burge shi. Jihar Kuros Riba ta narka dukiya a cibiyar shaƙatawa da kasuwanci ta Tinapa, aka buɗe ta a 2007 da bushe-bushe, daga baya manyan rumfunanta suka zama kufai. Kallon kitse aka yi wa rogo. Alhali kuwa mai yawon da bai taɓa yankewa ba yana gabanmu, sai dai ba ma kiransa da wannan suna. Mai ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato baƙo ne. Dubban da ke cika Kiyota a Nijar lokacin Maulidi baƙi ne. Gasar kokowar takobi da ake zagayawa da ita jihohin Nijar tun 1975 tana cika gari da 'yan kallo na kwanaki, ɗalibai kuma motoci-motoci suke zuwa wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke dajin Yankari. Wannan baƙo ba ya kashe dala, amma duk abin da ya kashe a ƙasa yake zama. Tuwo yake ci da masa da kilishi da fura, ɗan acaɓa yake hawa, a gidan haya ko zauren wani yake kwana, tsarabarsa hula ce da turare da tabarma. Ba ya jiran sanarwar ofishin jakadanci kafin ya taso. Naira dubu goma da ta zaga hannu biyar a cikin gari ta fi wa talaka dala ɗari da ta sauka a Abuja ta juya.

Abin takaici, wannan baƙon ne muka fi wulaƙantawa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, UNESCO ta karrama shi a 2016 a tsakiyar wani dogon hutu na kusan shekara goma da ba a shiga kogin Matan Fada ba, sai a 2020 aka dawo. Hawan sallar Kano ya shiga jerin UNESCO a Disamban 2024, a daidai lokacin da rigimar sarauta ta sa 'yan sanda ke hana hawan. Ka tambayi baduku da mai ɗinkin kayan doki da marinin Ƙofar Mata abin da sallar da ba hawa take nufi. Biki idan ba a san ranarsa ba tun shekara guda kafin ya zo, babu mai gina ɗakin haya dominsa, babu mai cin bashi ya ƙara jari. Kuma ko an yi shi, kwana huɗu ne cikin 365. Masuncin Kabi da noman shinkafa yake rayuwa.

Na taɓa kwana a wani masauki da ke bakin daji a arewacin Najeriya. Da safe aka kawo shayi da madarar gwangwani da burodin da ya kwana biyu a hanya, alhali ina hango rugar Fulani daga taga, kuma a ƙauyen da muka wuce mata na soya ƙosai. Na tambayi mai kawo abincin, ya ce ai ɗan kwangila ne ke kawo komai daga birni. Ba mugunta ba ce, babu dai wanda ya taɓa zama ya ƙulla tsakanin ɗakin girkin da ƙauyen. Manajan yana son kaya masu tsabta a kan lokaci da rasit, matan kuma ba su da firji, ba su da ƙungiya, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Wannan giɓi ƙarami ne, cike shi bai kai kuɗin fentin ƙofar shiga ba, amma ba a yanke masa kirtani a gaban 'yan jarida, don haka ba mai waiwayarsa.

Yankari ce wurin da ya kamata a gwada duk wannan. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a Najeriya. Gwamnatoci sun sha kashe kuɗi a kan ɗakunan kwana na Wikki. Amma giwa ba ta san iyaka ba, takan fito ta shiga gonakin ƙauyukan Alkaleri, kuma dare ɗaya ya ishe ta ta gama da abin da mutum ya yi damina yana nomawa. Wannan manomi shi ke biyan harajin da ya fi na kowa tsada domin ɗan birni ya zo ya ɗauki hoto. An hana shi farauta, an hana shi kiwo da saran itace a ciki, kuma hanin yana da hujja, domin in ba shi da tuni dajin ya zama tarihi. Sai dai hani ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya.

Abin da zan so in gani daga majalisar dokokin Bauchi bai fi shafi biyu ba. A rubuta kason da zai riƙa komawa ƙauyukan kewaye daga kuɗin ƙofa, a liƙa lissafin kowane wata uku a Mainamaji, ƙofar shiga dajin, inda kowa zai karanta, da Hausa. A ware asusun diyyar ɓarnar giwa, a sa masu unguwanni da manoma cikin masu tantancewa, a biya kafin wata damina ta zagayo. A wajabta wa duk wanda aka ba kwangilar ciyar da baƙi ya sayi ƙwai da kaji da nono da kayan miya daga ƙungiyoyin matan yankin, a taimaka musu da firji mai aiki da hasken rana. Ruwanda sai da ta yi shekara goma sha biyu tana biyan kashi 5 kafin ta kai 10. Bauchi tana iya farawa da biyar ɗin a kasafin baɗi.